Bazazzage, Rage Ƙarar Rediyonka

Bawana Bazazzage, ina gaisuwa, ko da yake bisa al'ada kai ya kamata ka fara rusunawa. Na iso Kano lafiya, kunnuwana ne dai har yanzu ba su ƙaraso ba. Na baro su a zaurenka, kan tabarmar nan mai ɓula a tsakiya, gefen akwatin rediyon da ka ɗaure da igiyar roba kamar kayan da za a ɗora wa jaki. In ka gan su ka ba direban Kano a Kwangila ya kawo mini, amma kada ka ce zai karɓi kuɗin mota a wajena, don na san halinku.

Laifina ne. Ɗaurin auren 'yar ƙanenka ya faɗo a Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar da mu a Kano ake hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe saboda tsaftar muhalli (ba sai na yi maka bayanin mene ne tsafta ba, wata rana in mun samu lokaci). Sai na ce bari in taho tun daren Juma'a in kwana wajen bawana, in huta, a yi mini hidima irin wadda ta kamaci ubangida. Ashe kwanan gidan rediyo na je yi ban sani ba.

Muna dawowa daga sallar asuba na ja bargo zan ɗan rama barci, sai na ji ƙiiii. Na ɗauka ƙofa ce ke neman mai. Ashe eriya kake zarowa, wadda ta karye tun zamanin soja ka haɗa ta da wata waya da ta bi bango, ta fita ta taga, ta je ta naɗe a reshen darbejiya. Ƙarfe 6 daidai yatsanka ya tafi inda ya saba samun Muryar Amurka. Ba abin da ya fito sai shuuu. Tun watan Maris na 2025 aka yi ɗif a can, duniya duk ta sani, amma ka zauna ka yi tagumi wajen minti biyu kana sauraron iska, kamar wanda ya je gaisuwar mutuwa ya tarar an tashi daga zaman makoki. Na tausaya maka kaɗan. Muryar da ta fara Hausa a 1979, ka tashi da ita, ka yi aure da ita, ka aurar da 'ya'ya da ita, ba a rana ɗaya yatsa zai manta hanyar gidanta ba.

Ƙarfe 6:30 ka koma London. Mai gabatarwa ya yi sallama, ka amsa masa cikakkiya har da wabarakatuhu, ka ƙara da tambayarsa ya sanyi. Ƙarfe 7 kana Faransa, 7:30 kana Jamus. Labari ɗaya ka ji sau uku, kana gwama su kamar alƙalin da ya tara shaidu: wannan ta rage, waccan ta ƙara gishiri, ta ukun ce ta faɗi gaskiya amma tana jin tsoro. Aka sako wani minista yana bayani, ka katse shi da "ƙarya kake", ka jira kamar zai ba ka amsa. Kokon da aka kawo mana ya huce har ya yi fata, ƙosai ya sandare. Na miƙa hannu zan fara, ka ɗaga mini yatsa wai in dakata a gama kanun labarai. A gidan bawana, ni, ake hana ni ƙosai saboda abin da ya faru a Majalisar Ɗinkin Duniya!

Abin da na fahimta a safiyar nan shi ne, ranakun aiki kana sauraron rediyo ne, amma ranar Asabar aurenta kake yi. Kuma ita ma ta san da haka. Litinin zuwa Juma'a rediyo ta ma'aikata ce, ta labarai da sanarwar gwamnati, kowa na sauri. Asabar kuwa sai ta kwance ɗamara ta zama kamar kasuwar Kurmi, ba abin da babu: doguwar hira da wani babba a Gane Mini Hanya, amsoshin takardun masu tambayar abin da ba wanda ya aike su, raha irin ta Taɓa Kiɗi Taɓa Karatu, wa'azi, ƙwallo, shirin manoma, shirin yara, kiɗan gargajiya, da mai maganin basir a tsakanin kowane biyu. Mutumin kirki yakan zaɓi uku ko huɗu ya tafi harkarsa. Bazazzage ne kaɗai ke ganin in ya bar ɗaya ya wuce, an ci shi bashi.

Da na yi ƙorafi sai ka gyara zama ka fara mini lacca, da yake kowane Bazazzage yana ganin maƙwabtaka da jami'a ta mai da shi farfesa. Wai ku ne iyayen gidan rediyo a Arewa, saboda Kaduna ƙasar Zazzau ce, kuma turakun da ke watsa Rediyon Kaduna a Jaji suke, nan bayan gidanku. To ji nan. Tun 1944 Turawan mulki suka ja wayar rediyo a Kano, suka kafa akwatunan magana a wuraren taruwar jama'a, mutane na tsayawa suna ji. A lokacin ku sai dai in fatake sun dawo daga Kano su ba ku labari cewa a can ƙarfe na magana, ku ce a'uzubillahi. Gidan Kaduna da kake taƙama da shi sai 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa shi da sunan BCNN, shekara goma sha takwas bayan namu. Kuma ba don ku aka kafa shi ba, fili kawai kuka bayar, kamar yadda bawa kan share wuri in ubangidansa zai zauna.

Amma tunda ba kowa a nan sai ni da kai da masu karanta jarida, zan yarda da abu ɗaya. Gidan nan ya yi zamani. Ko bayan da gwamnatin soja ta haɗe shi cikin Rediyon Tarayya a 1978, ba a daina ce masa Rediyon Kaduna ba, kuma a wancan zamanin a mita 49 muryarsa takan tsallake iyaka ba fasfo. Bahaushen zangon Kumasi da na Maraɗi da na Garwa da na Injamena duk gida ɗaya suke in an kunna. Mu ma a Kano da shi muka tashi. Na tuna yadda unguwa kan yi tsit in Samanja Mazan Fama ya fara yi wa kuratansa tsawa da Hausarsa ta bariki. Usman Baba Pategi, tsohon soja ne na gaske, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2023. Ga Duniya Budurwar Wawa, ga Jakar Magori, ga tafsirin Malam Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello, wanda masu yarda da shi da masu jayayya da shi duk sai sun kunna, ɗaya don ya ƙaru, ɗaya don ya samu abin musu. Kana lissafa su idonka har ya kawo ruwa. Na bar ka ka gama, sannan na tuna maka cewa duk cikin jerin nan ba ka ambaci shiri ko ɗaya da aka sa wa sunan Zariya ba.

Wajen ƙarfe 9 ka bar ƙasashen waje ka dawo tashoshin gida, kuma nan ne na ga ainihin sana'arka. Lokacin sanarwa ya yi. Wanda bai san Asabar a ƙasar Hausa ba, ya saurari wannan rabin awar ya ishe shi. Iyalan wane da na wane suna gayyatar 'yan'uwa da abokan arziki ɗaurin aure, ƙarfe kaza a ƙofar gidan wane, wanda kati bai riske shi ba ya ɗauki sanarwar a matsayin gayyata. Ba a rufe baki ba sai innalillahi, an yi rashin wani dattijo, za a yi jana'iza bayan azahar. Sai cigiya: yaro ɗan shekara kaza sanye da riga ruwan toka, tunkiya mai baƙin kunne, jakar takardu da aka manta a Adaidaita. Sai kuma wani auren. Murya ɗaya ke karanta su duka, ba ta ɗagawa ba ta saukarwa, farin ciki da baƙin ciki a faranti guda kamar yadda suke zuwa a rayuwa. Ni abin ya taɓa ni. Na waiwayo in ga ko kai ma ya taɓa ka, sai na gan ka da biro da bayan kwalin sigari kana rubutu. Na leƙa. Ashe jadawalin walima kake tsarawa: Tudun Wada ƙarfe 11, Ƙofar Doka 12, Samaru bayan la'asar in an samu mai rage hanya. Ka ja layi biyu a ƙarƙashin gidan da aka ce ɗan kasuwa ne daga Kano. Ko a walima kun san inda nama yake.

Sai batun ɗaurin auren. Na so in rufa maka asiri, amma mutum ɗari sun gani, asiri ya riga ya zama na gari. Mun fito, na ga ka bar babban akwatin a zaure, na yi hamdala. Ban san kana da ƙaramar amarya a aljihun 'yar ciki ba. Aka zauna, waliyyai suka matso, aka ambaci sadaki, liman ya ce a yi salati, wuri ya yi tsit. A daidai nan gwiwar hannunka ta danne wani abu, sai ga murya daga ƙarƙashin babbar rigarka, tangaran, tana tambayar jama'a ko suna fama da kumburin ciki da yawan tusa da zafin bayan gida. Kana lalube, rigar ta naɗe maka hannu, mai maganin ya samu sarari ya faɗi kuɗin kwalba da inda shagonsa yake. Wani tsoho a bayana har ya tambayi na kusa da shi ko ya riƙe lambar wayar. Ni kuwa na matsa gefe na ce da mutane ban san ka ba, baƙo ne ni daga Kano.

Na zaci kunya za ta sa ka huta. Ina! Muna dawowa daga walima ta biyu ka tarar ana shirin siyasa na kiran waya, ka ce yau sai ka tofa albarkacin bakinka. Ka kira sau goma sha, layi a cike. Katinka ya ƙare a wajen jira, ka karɓi wayata. Da Allah ya sa aka ɗauka, sai ka miƙe tsaye, ka gyara hula, ka kafa kunne ɗaya a waya, ɗaya a rediyo don ka ji muryarka tana fitowa. Akwatin ya ɗauki kuka, wiii, kamar an taka wutsiyar kyanwa. Mai gabatarwa ya ce, malam rage ƙarar rediyonka. Ka ce na'am? Ya ce rage ƙarar rediyonka. Ka ce lafiya lau wallahi, ya aiki, ya iyali, ya baƙon namu, ya ƙoƙari. Kana cikin gaishe da injiniyoyin da ke bayan gilashi aka katse layin. Maganar da ka kwana uku kana shiryawa kan tsadar taki ba ta fito ba ko kalma ɗaya. Ka zauna kana huci, wai an san ra'ayinka ne shi ya sa aka toshe ka.

A nan ka samu abin rama mini, kuma ban hana ka ba. Ka ce ai gara kai ka yi gaisuwa kyauta, mu a Kano har sana'a muka mayar da zagi, muna da sojojin baka da ake biya su shiga rediyo da dare su wanke ɗan siyasa ko su yi masa wanka da kwata. Gaskiya ne. Tun da Freedom ta buɗe a 2003 tashoshi suka yi ta tsirowa a Kano kamar ciyawar damina, har ta kai in ka murɗa kaɗan ka faɗa wata. Kuma gaskiya ne wani lokacin abin kan wuce gona da iri. Amma ka lura, Bakano ko magana zai yi sai ya san nawa za ta kawo. Kai fa? Ka ƙone katina, ka ƙone naka, ba ka sayar da komai ba sai sallama.

La'asar ta ƙwallo ce. Gasar Ingila ake sharhi da Hausa, ka rungume akwatin a ƙirji, ƙafarka na harbin iska duk sanda aka ce an buga. Kofin shayina ya tafi a bugun kusurwa na farko. Ina son sharhin ƙwallo a rediyo, ba zan ɓoye ba, don ya fi kallo daɗi: mai sharhi kan sa wasan da ba shi da armashi ya zama yaƙin Badar, kuma a bakinsu ne satar gida da bugun daga kai sai mai tsaron gida suka zauna daram a Hausa har yaro ya ɗauka da su aka haife shi. Abin da ban gane ba shi ne yadda mutumin da garinsu ba shi da ƙungiyar da za a nuna wa baƙo yake cewa "mun ci" in wasu Turawa sun zura ƙwallo a London. Mu Pillars ta ɗauki kofin ƙasa sau huɗu, 2008 da kuma uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Ka ce ai ta faɗa rukuni na biyu a 2022. Ta faɗa, ta kuma dawo. Sai wanda ya hau ne yake faɗowa, bawana. Wanda ke zaune a ƙasa tun fil azal ba ya jin wannan ciwon.

Da magariba aka ɗauke wuta, akwatin ya koma kan batir, muryar mai labarai ta fara ja kamar wanda zazzaɓi ya kama. Ka ciro batiran ka ciccije su, ka goga a cinya, ka mayar. Suka yi minti biyar suka sake sanyi. Ka dube ni, na dubi rufin ɗaki. Ƙarshenta ni na fita cikin duhu, a garin da ban san lungunansa ba, na sayo guda huɗu da kuɗina. Ubangida ya yi wa bawa aike. Ka rubuta wannan a tarihin Zazzau, kusa da labarin Sarauniya Amina.

Bayan isha aka shiga filin gaishe-gaishe, jikan Zaɓi Sonka na da. A wancan zamanin kati ake saye a cike a aika, a yi mako biyu ana jiran a ji an karanta, har ƙungiyoyi 'yan zaɓi sonka suke da su, kowa da laƙabinsa, mutanen da suka shekara ashirin suna gaisawa ta iska ba su taɓa ganin juna ba. Yanzu waya ce, amma cutar ba ta canja ba. Ka ce mini tashar a matsakaicin zango take, da dare muryarta kan yi nisa fiye da rana, har Kano ana kamawa. Na ji ka, ban kawo komai a raina ba.

Wannan karon ka rage ƙarar da kanka, kuma aka ɗauka a kira na uku. Ka fara. Ka gaida mai unguwa. Ka gaida liman, wanda ka ɓata wa ɗaurin aure da safe. Ka gaida mai shayin bakin titi, da mai facin da kake bin sa bashi, da wanda yake bin ka. Ka ce kana gaida "matana, shi ne ya dafa mana tuwon dare". Mai gabatarwa, da alama ba ɗan gari ba ne, ya tambaya su nawa ne matan, kuma wane ne ya yi tuwon. Ka ce ai shi kaɗai ne, uwar yara. Allah sarki Hausa, ta shiga Zariya da mace da namiji ta fito da namiji kaɗai.

To a nan zan faɗi abin da ban faɗa maka a zaure ba. Tun da ka fara jero sunaye na ji ƙirjina na bugawa. Ni da na wuni ina yi maka dariya, sai ga ni na daina tauna, na kasa kunne ina jiran nawa. Ashe abin da ke riƙe ku ke nan. London da Jamus da ministoci duk share fage ne. Mutum na wuni da akwati a kunne ne don a cikin wannan taron na sarakuna da 'yan ƙwallo da matattu da amare, a ce wane ɗan wane na unguwa kaza, shi ma yana nan. Ka gaida mutum ashirin da wani abu, har da yaron da ke kawo maka ruwa. Mai gabatarwa ya ce a taƙaita. Na ce shi ke nan, an manta da ni, har na fara shirya fushin da zan yi. Sai ka gyara murya ka ce, daga ƙarshe kana gaida bawanka Bakano da ya zo yi maka hidimar biki, ga shi nan zaune yana cin tuwonka, ya ma sayo maka batir.

Ka ajiye waya kana dariya har da tari. Aka sako Shata, kalangu ya cika zauren, bayansa Ɗan Maraya da kuntiginsa, wutar fitila na raguwa. Can na ji minsharinka ya shiga amshi. Na lallaɓa na miƙa hannu zan kashe, ban kai ga maɓallin ba ka ce, ido a rufe, "ina ji". Haka muka yi sau uku. Aka rufe tashar, ka ci gaba da sauraron shuuu ɗin da ka fara da shi da asuba.

Maganarka ta matsakaicin zango ta tabbata. Ranar Litinin ina shiga Kantin Kwari, tun daga bakin layi ake tambayata ya hidimar iyayen gidana, kuma nawa batir yake a Zariya. Wani ma cewa ya yi in zan koma in gaya masa, yana da saƙo wajen maigidana.

Saboda haka na je wannan tashar da kaina, ofishinsu na talla, na biya, an ba ni rasit. Asabar mai zuwa, lokacin sanarwa, tsakanin aure na biyu da tunkiya, ka ajiye biro ka saurara da kyau. Ana cigiyar wani bawa, Bazazzage, baƙi, mai matsakaicin tsayi, ya gudo daga gidan ubangidansa a Kano. Alamarsa, kunnensa na dama ya fi na hagu faɗi saboda jingina da akwati, yana kiran matarsa "shi", kuma in an matsa cikinsa yakan yi tallan maganin basir. Wanda ya gan shi kada ya wahalar da kansa wajen kamawa, ya je gidan walima mafi kusa ya jira. Na ce a karanta sau biyu. Kuɗin sanarwar da na batir huɗu da na katin waya duk na haɗa, zan ɗora a kan kuɗin sharar da za ka kawo mini a watan cika-ciki.